Musayar Tkachuk da Huberdeau: Ranar da Calgary ta yi asarar, da abin da Florida ta saya

A daren 22 ga Yulin 2022 ƙungiyar hokin ƙanƙara ta Calgary Flames da ke ƙasar Kanada ta miƙa ɗan wasanta Matthew Tkachuk ga Florida Panthers ta Amurka. Ita kuma Florida ta ba da Jonathan Huberdeau, da mai tsaron baya MacKenzie Weegar, da wani matashi Cole Schwindt, da gurbinta na zagayen farko a zaɓen matasa na 2025, wato taron shekara-shekara da ƙungiyoyi ke ɗaukar sabbin 'yan wasa bi da bi. Calgary ta ɗora gurbin zagaye na huɗu a kan Tkachuk. Washegari da yawa daga masu sharhin hokin ƙanƙara sun ce Calgary ta ci kasuwa, har ana yaba wa babban manajanta Brad Treliving cewa ya fitar da kitse daga wuta. Shekara uku bayan haka Florida ta buga wasan ƙarshe sau uku a jere, ta ɗauki kofin Stanley, kofin zakarun gasar NHL, sau biyu, Calgary kuwa ko sau ɗaya ba ta shiga wasannin neman kofi ba a tsawon wannan lokaci. Har yau ana gardama a kan wannan ciniki, kuma a ganinmu yawancin masu gardamar suna ɗora laifin a kan ranar da ba ita ba ce.

Wanda ya saba da ƙwallon ƙafa sai ya fara ajiye abin da ya sani game da sayen 'yan wasa. A gasar NHL, mai ƙungiyoyi 32, ba a sayen ɗan wasa da kuɗi. A da ana haɗawa da kuɗi, domin a 1988 da Edmonton ta ba Los Angeles Wayne Gretzky akwai dala miliyan 15 a cikin cinikin, amma tun 2005 aka rufe wannan ƙofa. Yanzu ba ni gishiri in ba ka manda ake yi: mutum da mutum, ko mutum da gurbin zaɓen matasa. Kwantiragin ɗan wasa yana bin sa duk inda aka kai shi, da albashinsa da shekarun da suka rage masa. A saman wannan kuma akwai rufin albashi, wato iyakar abin da kowace ƙungiya za ta biya 'yan wasanta gaba ɗaya a kaka guda. A kakar 2022-23 rufin dala miliyan 82.5 ne. Nauyin kowane ɗan wasa a wannan lissafi shi ne jimillar kuɗin kwantiraginsa a raba da yawan shekarun. Saboda haka idan an ce wane ya fi wane daraja, ana nufin abin da yake kawowa a kan ƙanƙara idan aka auna shi da wurin da ya cinye a ƙarƙashin rufin. Gwanin da ke cin miliyan 10 yana aikin mai miliyan 6 kaya ne a wuyan ƙungiya, ko da ya fi kowa iya wasa a cikinta.

Halin da Calgary ta samu kanta

A kakar 2021-22 Calgary ta tara maki 111, ta zo ta ɗaya a rukuninta, kocinta Darryl Sutter ya karɓi kyautar kocin shekara. Sahunta na farko na 'yan gaba, Johnny Gaudreau da Elias Lindholm da Tkachuk, kowannensu ya ci ƙwallo 40 ko fiye. Gaudreau ya gama da maki 115, Tkachuk da 104. A hoki ana ba ɗan wasa maki ɗaya idan ya ci, ɗaya kuma idan yana cikin mutum biyu na ƙarshe da suka miƙa faifan, wato ɗan abin da ake bugawa a madadin ƙwallo, kafin a ci. Edmonton ta fitar da su a zagaye na biyu cikin wasa biyar, amma kowa na ganin ƙungiyar ta kusa.

Sai Gaudreau, wanda kwantiraginsa ya ƙare, ya tafi Columbus a ranar 13 ga Yuli a kan shekara bakwai, Calgary ba ta samu ko allura ba. Kwanaki kaɗan bayan haka Tkachuk ya sanar da shugabannin cewa ba zai sa hannu a dogon kwantiragi ba. Dokar gasar ita ce ɗan wasa yana samun cikakken 'yancin zuwa inda ya ga dama idan ya kai shekara 27 ko ya cika kaka bakwai. Tkachuk ya fara a 2016 yana ɗan shekara 18, don haka kaka ɗaya tak ta rage masa. Idan Calgary ta riƙe shi, za ta more shi shekara guda sannan ya fice a banza kamar yadda Gaudreau ya fice. Idan za ta musanya shi, duk ƙungiyar da za ta ba da abu mai tsoka sai ta tabbata zai zauna, wanda ke nufin Tkachuk ne ke zaɓar inda za shi. Mai sayarwa da mai saye ɗaya ko biyu kawai a gabansa, kuma kowa ya san dole ce ta kawo shi kasuwa, ba ya yanka farashi.

Abu ɗaya ne ya rage a hannun Treliving. A dokar wancan lokaci ƙungiyar da ɗan wasa yake cikinta ce kaɗai za ta iya ba shi shekara takwas, sauran bakwai ce iyakarsu. Sai aka yi dabara: Tkachuk ya sa hannu da Calgary a kan shekara takwas, dala miliyan 76, wato 9.5 a shekara, bisa sharuɗɗan da Florida ta amince da su, nan take aka miƙa shi da kwantiragin. Wannan ne karo na farko da aka yi irin haka a NHL.

Idan aka dubi abin da Treliving ya karɓo a wannan matsi, yabon da aka yi masa bai wuce gona da iri ba. Huberdeau ya gama kakar da maki 115, da bugun taimako 85, adadin da babu ɗan gefen hagu da ya taɓa kaiwa a tarihin gasar. Weegar mai tsaron baya ne da ke buga mintuna masu yawa a sahun farko, yana riƙe sanda ta dama amma yana iya tsayawa a kowane ɓangare, irin wanda ake nema ruwa a jallo. Su biyun nauyinsu a rufin albashi miliyan 5.9 da 3.25 ne, jimilla 9.15, ƙasa da na Tkachuk shi kaɗai. Aibin kayan ɗaya ne: kowannensu shekara guda ta rage masa, bayanta yana da 'yancin tafiya.

Kwana goma sha uku

A ranar 4 ga Agusta Calgary ta ba Huberdeau sabon kwantiragi na shekara takwas, dala miliyan 84, wato 10.5 a shekara, wanda zai fara aiki daga kakar 2023-24. Bai buga mata ko minti ɗaya ba, bai yi atisaye ko sau ɗaya a gaban Sutter ba. Nan ne asarar take, kuma ana iya ganinta da alƙaluman da kowa ke da su a hannu a ranar, ba sai an jira abin da ya biyo baya ba.

An haifi Tkachuk a Disamban 1997, Huberdeau a Yunin 1993. Kwantiragin Tkachuk ya ɗauke shi daga shekara 24 zuwa 32. Na Huberdeau ya fara yana 30, zai ƙare a 2031 yana dab da 38. 'Yan gaba a hoki sukan kai ƙololuwarsu a tsakiyar shekarunsu na ashirin, bayan talatin ƙafa ta fara nauyi, kuma wasa ne da ake shiga a yi gudun daƙiƙa 40 zuwa 50 da iya ƙarfi a fito a huta, sau ashirin ko kusa da haka a dare guda, wasa sama da 80 a kaka. Florida ta sayi shekarun ganiya duka a kan 9.5. Calgary ta sayi gangara a kan 10.5, kuma ta yanka farashin a kan kakar da ta fi kowace kyau a rayuwar mutumin. Kafin 115 ɗin nan, mafi yawan abin da Huberdeau ya taɓa tarawa 92 ne.

Akwai kuma tambayar da duk mai auna ɗan wasa ya kamata ya yi kafin ya gaskata adadin maki: a wane irin gida aka tara su? Florida ta 2021-22 tana cin sama da ƙwallo huɗu a kowane wasa, ba a ga irinta ba tun shekaru masu yawa. Salonta gudu ne: da zarar an ƙwace faifai, mutum huɗu sun ruga gaba, har da masu tsaron baya, kafin abokan hamayya su daidaita. Huberdeau mai rabo ne, gwanin riƙe faifai ya jira, ya zura shi ta tsakanin ƙafafu zuwa ga wanda ke shigowa a guje. Irin wannan ɗan wasa makinsa na rataye ne a kan mutane masu gudu a gefensa da kocin da ya yarda a yi kasada. Idan aka cire shi daga wannan gida, ba a taho da 115 ɗin a jaka ba.

Gidan da aka kai shi kuwa na Sutter ne, wanda ya ɗauki kofi sau biyu da Los Angeles a 2012 da 2014 da wani salo dabam: a tura faifai gaba kai tsaye, a yi kokawa a jikin bango, a yawaita harbi daga ko'ina, kada a ba da faifai a tsakiyar fili. Bugun da ya sa Huberdeau ya yi suna, na ratsa fili daga gefe zuwa gefe, shi ne bugun da irin wannan koci ya fi ƙi, domin idan aka tare shi sai a juyo da mutum biyu a kan ɗaya. Lokacinsa a kan ƙanƙara ya sauko daga sama da minti 19 a wasa zuwa ƙasa da 17. An yi ta sauya masa abokan sahu, wani lokaci ma a mayar da shi gefen dama. Ya gama kakar 2022-23 da maki 55. Faɗuwar maki 60 a tsakanin kaka biyu, ba a taɓa ganin irinta a gasar ba.

Masu kare Treliving suna cewa ba shi da zaɓi: mutum biyu sun riga sun guje wa garin a wata guda, idan Huberdeau ma ya tafi bayan shekara, an ba da Tkachuk a banza ke nan. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, domin ƙungiyoyin Kanada suna shan wahalar riƙe taurari. Sanyi, da matsin 'yan jarida, da haraji duk suna cikin lissafin ɗan wasa, jihar Florida kuwa ba ta karɓar harajin albashi. Amma tsoron kada mutum ya tafi shi ne mafi munin dalilin ba shi shekara takwas. Da an jira zuwa Janairu, da an ga yadda shi da Sutter suke. Idan abin ya yi kyau a biya shi, ko da da ɗan ƙari. Idan bai yi ba, ɗan wasan da ya tara 115 a bara kuma nauyinsa 5.9 kaɗai, wanda doka ta ba Calgary damar riƙe rabinsa don sauƙaƙa wa mai karɓa, kaya ne da masu neman kofi za su yi layi a kansa kafin a rufe kasuwar musaya a farkon Maris. Kwantiragin Agusta ya kashe wannan hanya. Ya zo da sharaɗin cewa ba za a kai shi ko'ina ba sai da yardarsa, kuma kaso mafi tsoka na kuɗin an tsara shi ne a matsayin ladan sa hannu. Wannan na biyun yana da muhimmanci: ƙungiya na iya sallamar ɗan wasa ta biya kashi biyu cikin uku na ragowar albashinsa a shimfiɗe kan ninkin shekarun da suka rage, amma ladan sa hannu ba ya raguwa ko da sisi. Wato ko ƙofar sallama ma kusan a toshe take.

Kwantiragin Weegar, shekara takwas a kan miliyan 50, wato 6.25, ba ya cikin wannan zargi. Masu tsaron baya sukan daɗe kafin su gangara, farashin kuma na mutum na biyu ko na uku ne a layin baya. A 2023-24 ya ci ƙwallo 20. Duk wanda ya ce Calgary ba ta samu komai ba a cinikin ya manta da shi.

Abin da Florida ta gani

A ɓangaren Florida tambayar ta fi ban sha'awa, domin ƙungiyar da ta fi kowa maki a gasar, 122, ita ce ta ba da wanda ya fi kowa tara mata maki, ta kuma sauya koci a bazara guda. Andrew Brunette ya karɓi riƙon ƙwarya a Oktoban 2021 bayan murabus ɗin Joel Quenneville, ya kai su ga wannan matsayi, har ya shiga ukun ƙarshe na kyautar kocin shekara. Babban manaja Bill Zito bai tabbatar da shi ba, ya ɗauko Paul Maurice, wanda ya ajiye aiki a Winnipeg a Disamban 2021 kuma ya shafe sama da shekara ashirin yana koci ba tare da kofi ba. An soki wannan mataki sosai a lokacin.

Dalilin Zito yana cikin wasanni huɗu. A zagaye na biyu na 2022 Tampa Bay ta share Florida huɗu ba ko ɗaya, kuma ƙungiyar da ke cin huɗu a kowane dare ta ci ƙwallo uku kacal a wasannin huɗu gaba ɗaya. A duk wasannin neman kofi na shekarar, sau 31 aka hukunta abokan hamayyarsu suka samu rinjayen mutum, sau ɗaya suka ci. Wasan neman kofi yana da nasa hali. Ana karawa da ƙungiya ɗaya har sai wani ya ci huɗu cikin bakwai, don haka kocin can yana da lokacin nazarin duk hanyar da kuke bi ya toshe ta. Tsakiyar fili tana cushewa, gudun da aka saba samu a watan Nuwamba ba ya samuwa a Mayu. Abin da ke saura shi ne a jefa faifai bayan masu tsaron bayansu, a bi su a matsa musu har su yi kuskure, a tsaya a gaban raga ana shan duka ana jiran abin da zai faɗo daga jikin gola.

Wannan shi ne salon da Maurice ya kawo, kuma shi ne wasan Tkachuk tun asali. Ba shi da gudu sosai, kowa ya san haka. Aikinsa yana bayan raga da bakinta: ya kare faifai da jikinsa, ya juya wa mai tsaro baya, ya karkatar da harbi da sanda, ya tsokani abokin hamayya har ya jawo masa hukunci. Irin wannan gwaninta ba ta dogara da fili a buɗe ba, kuma ba ta saurin tsufa kamar gudu. Saboda haka musayar da sauyin koci shawara ɗaya ce aka yanke ta sau biyu. Da an kawo Maurice an bar Huberdeau, da wataƙila abin da ya same shi a hannun Sutter ya same shi a gida. Ba mu ce Zito ya san abin da zai faru ba. Tkachuk kansa kafin 2022 ana zarginsa da yin sanyi a wasannin neman kofi: ya ci uku a wasan farko da Edmonton a shekarar, sannan aka neme shi aka rasa a sauran. Abin da Zito ya sani shi ne shekarun mutanen da kuɗinsu. Da ya riƙe Huberdeau da Weegar a farashin da Calgary ta biya, miliyan 16.75 ke nan a shekara kan mutum biyu da suka doshi talatin, alhali Aleksander Barkov na cin 10, gola Sergei Bobrovsky ma na cin 10.

Ya kuma san yana da wanda zai cike gurbin Weegar, kuma wannan ɓangaren ne aka fi mantawa. Gustav Forsling an ɗauko shi kyauta a Janairun 2021 bayan Carolina ta sa shi a jerin waɗanda kowa zai iya ɗauka. Brandon Montour ya zo daga Buffalo a kan gurbin zagaye na uku, ya tara maki 73 a kakar farko bayan tafiyar Weegar. Carter Verhaeghe an same shi a 2020 a kan dala miliyan ɗaya a shekara. Sam Bennett, wanda ya zama ɗan tsakiyar sahun Tkachuk kuma ya karɓi kyautar gwarzon wasannin neman kofi a 2025, daga Calgary ɗin nan aka karɓo shi a Afrilun 2021 a kan wani matashi da gurbin zagaye na biyu, bayan ta gaji da jiran ya bunƙasa. Ƙungiyar da ke tsintar irin waɗannan da araha ita ce ke iya ba da mutum biyu ta karɓi ɗaya.

Inda sa'a ta shigo

Duk da haka, wanda ya ce sakamakon ya tabbatar da komai ya yi gaggawa. A kakar farko bayan musayar Calgary ta tara maki 93, Florida 92. Calgary ba ta shiga ba domin ɓangaren yamma ya fi tsauri a shekarar. Florida ta shiga a gurbin ƙarshe na gabas, da tazarar maki ɗaya a kan Pittsburgh, wadda ta sha kashi a gida a hannun Chicago, ɗaya daga cikin na ƙarshen tebur, a makon ƙarshe. Tkachuk ya yi nasa, maki 109 da shiga ukun ƙarshe na gwarzon gasar, amma ƙungiyar ta faɗo da maki 30 daga na bara, kuma a tsakiyar kakar ana ta kiran a kori Maurice.

Ita ma Calgary ba Huberdeau kaɗai ya kayar da ita ba. Golanta Jacob Markstrom ya tare kashi 92.2 cikin ɗari na harbin da aka yi masa a 2021-22, a kakar da ta biyo ya sauko 89.2. Tazarar tana kama da ƙarama, amma a kan harbi 1,500 ƙwallo 45 ke nan. Sau 17 suka sha kashi a ƙarin lokaci ko bugun raba gardama, inda ake samun maki ɗaya maimakon biyu na nasara. Da uku daga ciki sun juya, da sun shiga. Treliving ya bar aiki a Afrilun 2023, aka sallami Sutter ranar 1 ga Mayu, shekara guda bayan an ce ya fi kowane koci.

A zagayen farko Florida ta haɗu da Boston, wadda ta ci wasa 65 ta tara maki 135, tarihin da ba a taɓa kafawa ba. A nan akwai shawarar koci da ta cancanci a tsaya a kanta. Maurice ya fara da Alex Lyon a raga, golan da ya fito daga ƙaramar gasa ya riƙe su a makonnin ƙarshe, ya bar mai miliyan 10 a benci. Daidai ne, domin Lyon ne ke kan ganiya. Da abin ya fara zamewa a wasa na uku sai ya mayar da Bobrovsky, ya kuma bar shi ko da aka ci su wasa na huɗu Boston ta yi gaba da uku da ɗaya. A daƙiƙun ƙarshe na wasa na biyar Brad Marchand ya tsere shi kaɗai da gola, Bobrovsky ya tare, Tkachuk ya ci a ƙarin lokaci. A na bakwai Montour ya farke saura minti ɗaya, Verhaeghe ya ƙarasa. Da faifan Marchand ya shiga, da labarin da za a ba da shi ne Zito ya rusa ƙungiya mai maki 122 ya fita a zagayen farko. Bayan nan suka fitar da Toronto cikin biyar, suka share Carolina, inda Tkachuk ya ci ƙwallon nasara a wasa uku cikin huɗu: ɗaya a ƙarin lokaci na huɗu, ɗaya a ƙarin lokaci na farko, ɗaya saura daƙiƙa 4.9. Ƙashin ƙirjinsa ya karye a wasa na uku da Vegas, aka ci su huɗu da ɗaya. A 2024 suka doke Edmonton a wasa na bakwai da ci 2 da 1, a 2025 suka sake doke ta cikin shida.

Hanyar da ta fi adalci wajen auna ciniki ita ce a duba abin da kowane ɓangare ya sani a ranar, sannan a duba kuɗin da ake biya kan aikin da ake samu, kofi kuma a bar shi a matsayin abin da mutum ashirin da gola da sa'a suka haɗu suka kawo. A 2023-24, shekarar farko ta sabon kwantiraginsa, Huberdeau ya tara maki 52, kowane maki ya tashi a kan dala dubu 200 da 'yan kai. Tkachuk ya tara 88, kowanne a kan kusan dubu 108. Sabon koci Ryan Huska ya zaunar da Huberdeau a benci tsawon kashi na uku na wani wasa da Nashville a Nuwamban 2023, abin da ya nuna matsalar ba ta tafi da Sutter ba. A 2024-25 ya gyara wasansa, ya ƙara shiga bakin raga, ya ci ƙwallo 28 da maki 62, Calgary ta tara 96 ta rasa gurbi a kan ƙa'idar raba kunnen doki da St. Louis. Ɗan wasa ne mai amfani, kuma ya ɗauki sukar da aka yi masa da mutunci. Aikin mai miliyan 6 ko 7 yake yi.

Hauhawar rufin albashi tana rage raɗaɗin kaɗan. Daga 83.5 a 2023-24 ya koma 88, sannan 95.5 a 2025-26, don haka kason Huberdeau ya sauko daga kashi 12.6 cikin ɗari zuwa 11. Amma hauhawar ta fi yi wa Florida daɗi, domin na Tkachuk ya sauko daga 11.4 zuwa ƙasa da 10 yana tsakiyar ƙarfinsa. Hatta raunin da ya ji a gasar ƙasashe huɗu ta Fabrairun 2025 ya buɗe wa Zito ƙofa: an sa shi a jerin masu doguwar jinya, albashinsa ya ba da sarari a lissafi, aka shigo da Seth Jones daga Chicago da Marchand ɗin nan daga Boston, shi kuma ya dawo a wasannin neman kofi, inda a lokacin rufin ba ya aiki, ya tara maki 23 a wasa 23. Sabuwar yarjejeniyar da gasar ta cimma da ƙungiyar 'yan wasa a 2025 ta shigar da rufin cikin wasannin neman kofi, ta kuma rage tsawon kwantiragi zuwa shekara bakwai ga na gida, shida ga na waje.

Calgary ta ƙare da yin abin da ta guje wa a 2022. Tsakanin Yunin 2023 da Yunin 2024, a ƙarƙashin sabon manaja Craig Conroy, ta musanya Tyler Toffoli, Nikita Zadorov, Lindholm, Chris Tanev, Noah Hanifin da Markstrom, yawanci da matasa da guraben zaɓe. Don ta samu sararin ɗaukar Nazem Kadri a Agustan 2022 a kan shekara bakwai da miliyan 49, ta riga ta ba Montreal Sean Monahan haɗe da gurbin zagayen farko, wanda ya zama na 16 a 2025. Gurbin da ta karɓa daga Florida kuwa, tun da Florida ce ta ɗauki kofi a shekarar, ya faɗo na 32, na ƙarshe a zagayen, ta ɗauki Cullen Potter da shi.